Sabo Tela Ya Sauka a Bakin Kogin Mantuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, takwas ga watan Maris na wannan shekara ta 1978, ana ƙarshen watan Maulidi, Allah Ya karɓi ran Malam Sabo Tela na Birnin Kudu, haifaffen Unguwar Ya. Bai yi jinya ba, ko ciwon kai bai ce yana yi ba. Da hantsi maƙwabcinsa a kasuwa, Manu mai goro, ya ji keken ɗinki ya yi shiru, abin da ba a saba ba. Ya leƙa, ya tarar da shi zaune, ƙafafu biyu a kan matakin keke, goshinsa a kan rigar da yake ɗinkawa, jakar tafiyarsa a ɗaure a gefe. Wurina zai zo a ranar.

Yaya Sabo, har yanzu da nake wannan rubutu abin bai zauna mini ba. Nakan ɗauki alƙalami in ajiye, in fita ƙofar gida in duba hanyar Birnin Kudu, kamar wanda aka ce masa baƙonsa ya yi latti ne kawai.

Bari in gaya maka yadda labarinka ya iske ni, don na san da kana nan da ka yi dariya har ka share hawaye. Ina gida a Gwaram na gama shiri. An share ɗakin baƙi, an shimfiɗa darduma, na ɗora rikodar da na sayo a aikin hajjin bara a kan tebur, ga kasakasai sababbi a ledarsu. Matata Mero ta sa an yanka kaji tun da safe. Direbana Ɗanladi na aika da ƙaramar mota ya ɗauko ka. Bayan azahar sai ga shi ya shigo shi kaɗai, ya durƙusa nesa da ni, idonsa a ƙasa, ya ce, "Alhaji, Malam Sabo ya sauka."

Na ce madalla, a ina ya sauka? Har na fara yi masa faɗa, don na ɗauka ka biya gidan Malam Iliyasu liman ne ka yada zango, ka bar ni da kaji suna hucewa. Na ɗaga murya na ce wa Mero a zuba abinci, baƙo ya iso. Ɗanladi bai motsa ba. Sai ya ce, a hankali, "Alhaji, irin saukar Rumzawa."

Ni Hadi, da na ga motata ta kife da buhunan gyaɗa a damina ban zauna a ƙasa ba, ran nan ban san lokacin da na sami kaina a ƙasa ba. Mero kuwa ta shigo da akushi a hannu tana murmushi tana tambayar ina Malam ɗin.

Ga mai karatu da bai taɓa shiga motocina ba, dole in yi bayani. Rumzawa ba su cikin littafin tarihin da aka koya mana a makaranta, ba su kuma kan taswira. A bakin Sabo suke zaune. Mutanen doki ne, a wata duniya da ba tamu ba, inda wata biyu ke fitowa a sama, ɗaya fari ɗaya ja. A kan bargon sirdi ake haihuwar Barumje, kuma kafin ya iya tafiya ya iya riƙe linzami. A kan doki suke cin abinci, a kai suke shari'a, a kai suke neman aure. Ba su da kalmar mutuwa a harshensu. In mutum ya rasu cewa suke yi ya sauka, domin Barumje ba ya sauka daga doki a gaban jama'a sai sau ɗaya. In kuwa ya sauka, ba wanda zai hau dokinsa. Gaban ayari ake kai shi da sirdinsa ba kowa a kai, shi zai ja su har su kai ruwa na gaba. Ɗanladi ya girma yana jin wannan a bayan mota. Da ya zo gabana bakinsa ya kasa ɗaukar kalmarmu, sai ya ari tasu.

Mun haɗu da kai gab da samun mulkin kai. Lokacin na bar sakandare a aji biyu, na yi yaron mota na gaji, na lallaɓa na mallaki wata tsohuwar mota mai bodin katako wadda sai an tura take tashi. Duk ranar kasuwar Gwaram kakan loda keken ɗinkinka a baya, ka zauna kusa da shi kana riƙe da shi kamar jariri. Wata rana muka maƙale a yashi, rana ta take, fasinja suka fara zagina da ni da motata. Sai aka ji ka ce wannan ai ba maƙalewa ba ce, da sun ga yadda Rumzawa suka maƙale a Ƙasar Gishiri da sun gode wa Allah. Wani ya ce su wane ne kuma Rumzawa. Shi ke nan. Har muka fitar da motar ba wanda ya sake tuna sunan ubana.

Daga ran nan duk mako sai ka ɗora daga inda ka tsaya. Ka fara mana daga Tudun Rumza, asalinsu, inda suke da rijiya guda mai ruwan zaƙi da doka guda, ba a sayar da goɗiya. Shugabansu Waddo ya ga madubi a hannun wasu fatake, bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya ba da goɗiya ya karɓa. Gari ya waye rijiya ta zama gishiri. Suka tashi. A Ƙasar Gishiri kofatan dawaki suka tsattsage, mata suka yayyanka tantunansu na fata suka naɗe wa dawakin ƙafafu, tun daga nan Rumzawa ba su sake kwana a ƙarƙashin rufi ba. Da suka fita sai gardama ta tashi, wane wata za a bi. Masu jan linzami suka bi farin wata, masu baƙin linzami suka bi jan, uwa ɗaya uba ɗaya aka rabu ba sallama. Mun yi shekaru muna tambayarka ina masu baƙin linzami, kai kuwa sai ka ce an ga sawunsu a wuri kaza, amma sawun baya yake kallo.

Sannan Birnin Tagulla, inda sarki ya ba su makiyaya a bayan ganuwa suka zauna har jikoki, suna tsare masa iyaka. Mun ɗauka an iso ke nan. Sai ɗan sarkin ya hau gado, ya ce dawaki sun yi yawa ba aikin yi, a ɗaura musu garma. Rumzawa suka jira dare ya yi. Da gari ya waye sai turaku kawai aka tarar. Na tuna wani tsoho manomi daga Kiyako ya ce shi bai ga laifin ɗan sarkin ba, noma ai ba abin kunya ba ne. Aka yi ta musu har muka wuce inda zai sauka bai sani ba.

Ni mutum ne da ban gaji ko akuya ba. Duk abin da ke ƙofar gidana yau, da ikon Allah da guminna na same shi, kuma ban taɓa jin nauyin faɗar haka a gaban kowa ba. Amma zan rubuta a nan kowa ya karanta: a shekarun farko akwai motocin da suka fi tawa lafiya da gudu, mutane na barinsu su tsaya a rana su jira tawa, saboda a cikinta kake. Da na ce zan daina karɓar kuɗin motarka, ka ce a'a, Barumje ba ya hawan dokin aro. Abin da ka yarda da shi kawai shi ne kujerar gaba, kusa da taga, ita ma sai da aka cire katakon da ya raba gaba da baya don muryarka ta kai ga kowa. Motocina sun sauya sau nawa, wannan kujera ba ta sauya mai ita ba.

Abin da ke faruwa da mu shi ke faruwa da su, ba mu lura ba sai daga baya. Shekarun yaƙi, da samarinmu suka tafi soja, Rumzawa suka ci karo da wata runduna a cikin hazo, aka gwabza, sai da hazo ya washe suka ga linzaman baƙaƙe ne. Ran nan ba wanda ya yi magana a motar, akwai mata biyu da 'ya'yansu ke bakin daga. Shekarar da aka mayar da mu tuƙin dama, sai ga wani sabon shugaban Rumzawa ya kafa dokar a riƙa hawan doki ta dama, tsofaffi suka yi ta faɗowa, Ɗanladi ya yi dariya har ya kusa kai mu rami. A shekarar fari kuwa, da muke wuce mushen shanu a gefen hanya, kai sai ka saukar wa Rumzawa ruwan sama mako bayan mako. Na tambaye ka dalili, ka ce wanda ya baro yunwa a gida ba ya bukatar ya tarar da ita a mota.

Malam Iliyasu ya taɓa tare ka a bainar jama'a, ya ce bai dace dattijo ya zauna yana tatsuniya da rana tsaka ba, tun muna yara ake cewa mai yin haka ɓata yake yi. Ka gaishe shi da ladabi, ka ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba tatsuniya ba ce, tarihi ne, sai dai na mutanen da ba a yi ba. Zancen ɓata kuwa, ai tun kakanninsu suke a ɓace." Bai yi dariya ba a lokacin. Amma mako na zagayowa ya ja ka gefe bayan la'asar ya tambaye ka, wai ita goɗiyar da Waddo ya sayar, an kuwa sake ganinta? Tun daga nan kuka zama aminai.

Abin mamaki, kai da ka san sunan kowane launin doki, ka san yadda ake gane mai ciwon ciki daga tsayuwarsa, ba ka taɓa hawa doki ba. Tsoronsu kake ji. Na ga ranar da dokin wani dagaci ya yi haniniya a bayanka a Kiyako, ka bar takalmi ɗaya a wurin. Keken ɗinkinka kake kira dokinka, matakinsa kake kira likkafa.

A kan wannan keke ka yi abubuwan da ba ka so a faɗa, yau kuwa ba ka da ikon hana ni. Duk jajiberin Sallah akwai marayun da kan tarar da riga an aiko musu, ba a ce daga wa ba. Sun girma, wasunsu malaman makaranta ne yanzu, sun san ɗinkinka. Ba a taɓa kawo maka yadin likkafani ka karɓi lada ba, kuma kome ke kan keke sai ka cire shi ka sa wannan, ko da rigar ango ce. Kana ɗinkawa kakan ce, tsakanin likkafa da likkafani ba kowa sai ni. Muna ɗauka wasa ne da kalma. Manu ya ce da suka zo ɗauke ka, sai da suka zare ƙafafunka daga kan matakin ɗaya bayan ɗaya.

Tun da na dawo daga Makka nake binka da maganar rikoda. Na ce shekaru sun ja, labarin nan ba a rubuce yake ba, a kanka kaɗai yake. Ka ce Rumzawa ba su saba da akwati ba. Na kawo ta na kunna maka muryarka, ka saurara ka ce wannan mutumin yana da surutu. Sai a watan jiya ka yarda, saboda inda ka kai su. Ka kai su bakin Kogin Mantuwa. A ƙetarensa ga ƙasar da suke nema tun zamanin Waddo, ciyawa har ƙirjin doki, ana hangenta. Amma duk wanda ya ƙetare kogin sai ya manta duk abin da ke bayansa, da sunan uwarsa, da Tudun Rumza, da dalilin tafiyar. A wannan gaɓar kuwa ciyawa ta ƙare, dawaki sun fara cin jelar juna. Su ƙetare su zama ba kowa ba, ko su tsaya su ƙare. Ka bar mu a nan, ka ce za ka zo gidana mu ɗauka tun daga farko, a ƙarshe ka faɗi yadda suka yi. Na yi maka magiya ka ɗan gutsura mini, ka ce in yi haƙuri zuwa Laraba.

Larabar ke nan.

Mun isa Birnin Kudu an gama yi maka wanka. Malam Iliyasu ya yi maka salla. Likkafaninka wani tela ne ya ɗinka, wanda kai ka koya wa aiki, yana yi yana kuka. A wurin zaman makoki na ga mutanen da ban san sun san ka ba, daga ƙauyukan da ke kan hanya, masu sayar da tukwane da dillalan awaki. Bayan an yi addu'a, kowa sai ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya ya tambaya ko ka gaya mini. Na shiga na yi wa uwargidanka Batulu gaisuwa, da ƙyar na iya tambayarta ko ka taɓa faɗa mata. Ta ce, "Alhaji, ni ma Laraba ya ce mini."

Na koma gida na tarar da rikodar a inda na bar ta. Ban taɓa jin abin da na mallaka ya zama banza a idona kamar ran nan ba. Na ce shi ke nan, al'umma guda ta tafi tare da mutum guda, an bar su da dawakinsu a bakin ruwa, kuma nan da 'yan shekaru ba mai tuna an yi su.

Ranar kasuwar Gwaram da ta biyo baya na kasa zaman gida. Na je Birnin Kudu na shiga babbar motar tare da fasinja, abin da na daɗe ban yi ba. Na zo zan zauna a gaba sai na ga Ɗanladi ya ɗora hularka a kan kujerar, Batulu ce ta ba shi. Ba wanda ya ce a yi haka, ba kuma wanda ya nemi zama a wurin, ko da yake motar ta cika har ana tsaye. Na koma baya na zauna a kan buhu. Muka tashi da kujerarka a gaba ba kowa a kai.

Muka yi nisa. Sai Kulu mai daddawa, wadda ta fi kowa daɗewa tana bin motar nan, ta ce ita dai Ƙasar Gishiri ba ta manta ko kalma ɗaya ba, ta kama faɗa. Wani ya gyara mata sunan wata goɗiya. Ɗan tsohon nan na Kiyako ya ce Birnin Tagulla a wurin babansa ya ji, ya kawo shi tiryan-tiryan har da gardamar garma. Wata ta kawo yaƙin hazo. Ni kaina na tarar ina riƙe da abubuwan da ban san ina riƙe da su ba. Ba wanda ke da shi duka, amma da wuya a sami inda kowa ya rasa. Haka muka yi ta jan su har muka kawo su bakin kogin, inda ka bar su.

Can Kulu ta ce ita a ganinta ba wuya. A fara ƙetarewa kaɗan-kaɗan. Waɗanda suka isa can sun manta, to na wannan gaɓar sai su ɗaga murya su gaya musu ko su wane ne, daga ina suka fito. In sun riƙe, wasu su bi, su kuma na can su karɓe su da labari. Ai abin da aka ji bayan an ƙetare ba ya ɓacewa.

Wani ya ce to amma farkon ji fa, dole a sami wanda ya san shi duka ya tsaya a baya yana faɗa har kowa ya wuce, ya tabbata ba a bar komai ba. Shi kuma in ya ƙetare ya manta, wa zai tabbatar masa?

Kulu ta ce, "Shi ba ya ƙetarewa. Nan yake sauka."

Na tambaye ta ko kai ka gaya mata haka. Ta ce a'a. Duk motar kujerar gaba muke kallo, Ɗanladi kuwa ya gangara gefen hanya ya tsaya, don ba ya ganin gabansa.

Yaya Sabo, ban sani ba ko ƙarshen da ka tanada ke nan, kuma ba zan taɓa sani ba. Amma na sa rikodar a motar, Ɗanladi na kunna ta duk ranar kasuwa, kowa na zuba abin da ya riƙe. Mutanenka suna ƙetarewa. Shekara goma sha takwas kana tsaye kana faɗa mana, ashe mu ne na ɗaya gaɓar.

Ya Allah, bawanKa Sabo ya zo gare Ka ba shiri a idonmu, amma Kai Ka san shirinsa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ya suturta marayu da matattu bai nemi lada a wurin kowa ba, Ka suturta shi da suturar Aljanna. In akwai abin da harshensa ya yi kuskure a cikin abin da ya faɗa don ya sanyaya zukatan matafiya, Ka yafe masa. Ka sa ya ƙetare siraɗi lafiya, Ka shayar da shi daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa Batulu, da 'ya'yansa Nuru da Turai da Sabuwa, da danginsa na Unguwar Ya, da amininsa Malam Iliyasu, da teloli da 'yan kasuwar Birnin Kudu, da duk wanda ya taɓa wuce mashigar ƙauyensu saboda labari bai ƙare ba. Allah Ya ba mu haƙurin wannan rashi. Mu da muke kan sirdi har yanzu, Allah Ya sa mu sauka da imani. Amin.

Alhaji Hadi Mai Motoci, Gwaram.